Tes ɗin ciki ba shi ne ƙarshen magana ba

Jama'a don Allah a daina kai ruwa rana da mata kan sakamakon tes ɗin ciki. Abin da ake nema a fitsari ko a jini wani sinadari ne da ake kira hCG, mabiyiya ce ke fitar da shi, kuma wallahi auna shi akwai wuya fiye da yadda ake zato, mu masu aikin labo, wato ɗakin awon jini da fitsari, a nan Damagaram kullum muna gani.

Tsinken gwajin da ake saya a farmasi, yawanci sai sinadarin ya kai wajen 25 a ma'auni kafin layi na biyu ya fito. To mace ta yi gaggawar gwadawa, ko ta ɗirki ruwa saboda zafin nan namu fitsari ya tsinke, sai ta ga layi ɗaya alhali cikin na nan. Shi ya sa muke cewa a kawo fitsarin farko na asuba. Ga matsalar ajiya, a jikin kwali an rubuta kar zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40, amma sai ka ga mai tebur ya baza su a rana yana sayarwa.

Wanda ya fi tada min hankali shi ne in sinadarin ya yi mugun yawa, kamar a irin cikin nan da mabiyiya ke tsirowa ƙulu-ƙulu babu jariri. Yawan nasa ne ke cika tsinken ya hana layin fitowa, sai a ce babu ciki, baiwar Allah kuwa tana zubar da jini tana amai, maigida na cewa ai likita ta ce ba komai. Sai mun sirka samfurin mun sake aunawa gaskiya ta fito. Irin wannan a yi ekografi, wato hoton ciki, kawai, kar a zauna gida.

Sannan hCG ɗin ba siffa ɗaya gare shi ba, akwai cikakke akwai gutsattsari, kowace na'ura da wanda ta fi kamawa. A farkon ciki yana ninkawa wajen duk kwana biyu, to in likita ya ce a sake awon jini bayan awa 48, 'yar uwa koma labo ɗin da kika fara, in kin canza wuri lambobin ba za su kwatantu ba.