Inda na kai a koyon su a tafkin Lagdo, ƙarshen damina

'Yan'uwana masu koyon su, ina yi muku fatan alheri. Tun shigowar Agusta ruwan Lagdo yake hauhawa, domin Binuwai da Mayo Rey suna ta zuba masa ruwan damina, kuma ya yi ja ya yi kauri, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa idan ya nutsa shi zuwa gwiwar hannu. Wannan tafki da aka samar ta hanyar tare Binuwai tsakanin 1977 da 1982, kudu da Garwa a ƙasar Kamaru, ya riga ya cinye ciyawar bakin gaɓa da ƙananan gonakin da ke kwari.

Ba mu jefa koma ba a wannan lokaci, saboda hukuma tana rufe su daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, kuma ni ina ganin wannan doka daidai ce, domin abin da ake karewa ana ganinsa da ido. Tsohon masuncin da nake koyo a hannunsa, wanda muke kira Baba, ya nuna mini sheƙar bargi a cikin ciyawar da ruwa ya rufe: wuri ne zagayayye da kifin ya share, kuma iyayen ba sa yin nisa da shi. Tarwaɗa kan bi sabon ruwa zuwa wuraren da ba su da zurfi bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, a can take zuba ƙwai. Karfasa kuwa, macen ce take riƙe ƙwai da 'ya'ya a bakinta har su yi ƙwari, saboda haka wanda ya kama uwa ɗaya yanzu ya kashe ɗaruruwan kifin baɗi.

Yawancin aikina ya koma tudu. Na iya ɗinke kalli inda ya yage ba tare da idon ragar ya ƙanƙance ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin ƙaramin ido shi ne yake kwashe 'yan kifin da ba su isa kamu ba. Ɗaurin ƙugiya a mamari, wato doguwar igiya mai jerin ƙugiyoyi, shi ma ya fara zama a hannuna. Saura jifan birgi, wato ragar da ake wurgawa da hannu, wanda nake gwadawa a kan yashi don ya riƙa buɗewa gaba ɗaya kafin ya sauka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne karatun ruwa. Baba ya ce, "Ɗana, ka dubi launin ruwa kafin ka dubi koto." A jan ruwa, tsage da ke farauta da ido ba ya saurin samun koto, amma tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa suna bin ƙanshi da gashin bakinsu, don haka tsutsar tana da gutsuren kifi su ne abin da zan tanada. Idan Oktoba ta kama, ruwa ya fara ja da baya yana washewa, kifin da ya ƙoshi a ciyawa zai fito ta bakin ƙoramu, giwan ruwa kuma zai tsaya yana jiransa a inda zurfi ya fara. Na riga na sa wa irin waɗannan wurare alama da duwatsu da itatuwan gaɓa.

Ga masu zuwa duba ruwa a kwale-kwale, ku kula da hadarin gabas da kan taso da la'asar, ku nisanci madatsar idan an buɗe ƙofofinta, kuma kada ku shiga tsakanin dorina da ruwa mai zurfi. Wanda yake koyo a tafkin Maga na Kamaru ko na Lere a Chadi, ina so ya sanar da mu yadda launin ruwansu yake a wannan mako, da ko ya fara sauka.