Abin shan hunturu na mutanen Suwidin, da yadda nake haɗa nawa a Gusau

Mu a nan Gusau da an ce zoɓo, ƙanƙara ake nema. Ko a tsakiyar hunturu, Disamba zuwa Janairu, lokacin da hazo ke lulluɓe dutsen Kwatarkwashi, sai ka ga yaro leɓe duk ya tsage, yana rawar ɗari yana tsotsar zoɓo mai sanyi a leda. Abin ya daɗe yana damuna. Me ya hana mu sha ruwan 'ya'yan itace da zafinsa?

Mutanen Suwidin da zafi suke shan nasu. Ƙanena da ke karatu a can ne ya fara aiko min da garinsa a fakiti, daga baya ya koya min yadda ake yi a gida. Sunansa blåbärssoppa. Da wasu ƙananan 'ya'yan daji ake yin sa, baƙaƙe masu shuɗi-shuɗi, waɗanda ke nuna a Yuli da Agusta. Cikinsu ja ne wur, yana rina harshe da yatsu. Dokar ƙasar ta ba kowa damar shiga daji ya tsinka, ko da filin na wani ne, shi ya sa gidaje da yawa ke tara su a firiza don jiran sanyi. Sukan kuma ba mai ɓacin ciki abin shan nan ya sha.

Inda ya fi yin suna shi ne gasar Vasaloppet, tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara mai nisan kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, wanda aka fara a 1922, ake kuma yi ranar Lahadin farko ta Maris. A tashoshin hanya ana miƙa wa 'yan tsere shi da ɗumi a kofi, su kurɓa su wuce. Akwai sukari, akwai sitaci, ga ɗumi, abin da jikin da ya gaji cikin sanyi ke buƙata ke nan.

Haɗin nasu ba wuya: rabin kilo na 'ya'yan, lita 1 ta ruwa, sukari kamar cokali 5, a tafasa minti 10. Sai sitacin dankalin Turawa cokali 2. A nan aikin yake, 'yan uwa. Da ruwan sanyi ake kwaɓa sitacin, a sauke tukunya daga wuta, a tsiyaya shi siriri ana juyawa, kamar dai yadda muke dama koko. A mayar kan wuta, da ya yi ɓul sau ɗaya a sauke. In aka bar shi yana tafasa, sai ya yi yauƙi ya ɓata.

Irin 'ya'yan nan ba sa fitowa a ƙasarmu, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kan na kanti ba. Ɗinya nake amfani da ita. Nakan jiƙa busasshiya gwangwani 2 tun dare, da safe in murje ta da hannu, in tace ƙwallayen. Ɗinya ita kaɗai zaƙinta yana da nauyi, ba tsami, don haka nake jefa zoɓo cikin tafin hannu ɗaya, shi ke ba da launi da ɗan tsamin da na Suwidin yake da shi. Citta da kanumfari ƙarina ne, harshenmu ya saba. Sitacin rogo yana maye gurbin na dankali sarai.

Kada ya yi kauri irin na kunun tsamiya. Ana so ya ɗan kama bayan cokali, amma a iya kurɓa daga kofi.

Surukata, wadda ba ta yarda da baƙon abinci, ta kurɓa ta ce, "'Yar nan, ai wannan maɗi ne aka yi masa gata. Ƙaro min." Yanzu bayan sallar asuba nake zuba wa yara a fulas kafin su tafi makaranta. Nata kuma daban nake ɗiba kafin in sa sukari, saboda ciwon sukarin da take fama da shi, zaƙin ɗinyar ya ishe ta.