Wasiƙa daga Jamus: cajar da ta kusa ƙona mana gida

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali ya harkoki, da fatan kowa yana lafiya. Mu nan alhamdulillahi, sai dai sanyi da ya fara kankama.

Wata caja ce ta zaunar da ni rubutun nan. Kwanakin baya na yi odar cajar waya a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin intanet ɗin nan, hoto mai kyau, taurari kusan biyar cif, ga araha kamar an ce maka ɗauki kyauta, kwana biyu aka kawo min ita har ƙofa cikin kwali mai tambarin kasuwar. Sati uku tana aiki lafiya lau. Ranar da abin zai faru wajen ƙarfe biyun dare maiɗakina ta tashe ni wai tana jin ƙauri, muna kunna fitila sai ga kan cajar ya narke ya manne da soket, bango ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, gadon yaronmu kuwa bai fi taku biyu daga wurin ba. Allah ne dai ya tsare.

Da gari ya waye na rubuta musu. Amsa ta zo da ladabi kamar me, an ba ni haƙuri an ce za a mayar min da kuɗina, amma fa wai in sani ba su suka sayar min ba, wani ɗan kasuwa ne mai zaman kansa, su haɗa mu kawai suka yi. To na nemo sunan ɗan kasuwar, wasu haruffa ne guda shida da ko karantuwa ba sa yi, adireshi can wata ƙasa mai nisa, na tura saƙo shiru, na sake turawa shiru, kafin kwana goma shagon ma ya ɓace ɓat. Wato da gidan ya kama da wuta, Allah ya kiyaye, da rigar wa zan riƙe?

Ni fa kalmar nan ta "haɗa ku kawai muka yi" ita ce ta tsaya min a wuya. Dillali na san shi, yana nuna maka mai kaya ido da ido ku yi ciniki ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Amma wanda kayan a sitonsa suke kwana, shi ya naɗe su a kwalinsa, shi ya karɓi kuɗina, motarsa ta kawo, shi ya tura min cajar saman shafi har na gan ta kafin sauran, ya kuma hana ni magana da mai kayan sai ta hanyarsa, wannan ai ya wuce dillali. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma ashe ba ni kaɗai ba ne, alƙalai ma sun daɗe suna kai ruwa rana a kan maganar. A Amurka, jihar Kalifoniya, wata mata ta sayi batirin kwamfuta ta Amazon (ba can na yi tawa odar ba, salon ne dai iri ɗaya), batirin ya fashe ya ƙona ta sosai, a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta ce kamfanin ba zai zame ba tunda shi ya ajiye kayan, ya karɓi kuɗi, ya aika, wato ya shiga tsakiyar cinikin tsundum. A Texas kuwa, wata yarinya da ba ta kai shekara biyu ba ta haɗiye ɗan ƙaramin batirin da ya fito daga rimot ɗin talabijin da aka saya ta can, a 2021 kotun ƙolin jihar ta ce a'a, a dokarsu kamfanin ba mai sayarwa ba ne, don kayan ba su taɓa zama mallakarsa ba. Ƙasa ɗaya, kamfani ɗaya, hukunci biyu. Ku duba fa, haƙƙin yaro ya dogara ne da jihar da iyayensa suke zaune.

A watan Yulin 2024 hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yanke cewa Amazon mai rarraba kaya ne, don haka alhakin janye kaya fiye da 400,000 yana wuyansa, ciki har da na'urar gano iskar gas mai kisa wadda ba ta yin ƙara, da na'urar busar da gashi da za ta iya jan mutum in ta faɗa ruwa, da kayan barcin yara masu saurin kama wuta. Kamfanin bai yarda ba, a 2025 ya maka hukumar a kotu.

Mu nan Turai an ɗan matsa. Daga 13 ga Disamba 2024 sabuwar dokar Tarayyar Turai ta ce ba a sayar da kaya sai akwai wani mutum ko kamfani a cikin Tarayyar, mai suna da adireshi, da zai amsa tambaya a kansu, kuma in hukuma ta ce a sauke wani abu kasuwa tana da kwana biyu na aiki ta sauke. A takarda ya yi kyau. Amma a 2024 kaɗai ƙananan ƙunshi kusan biliyan 4.6 suka shigo Tarayyar, kamar miliyan 12 ke nan kowace rana, wane kwastan ne zai buɗe wannan? Tambarin CE ɗin nan, alamar cewa kaya sun cika ƙa'idar Turai, da muke dubawa mu ji hankali ya kwanta, tawa cajar ma tana da shi raɗau, a yawancin irin waɗannan kayan mai ƙerawa ne da kansa yake bugawa.

Na san abin da kasuwannin suke cewa, wai kaya miliyoyi ne ba za su iya gwada kowanne ba, kuma da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. Ni ma ina da nawa laifin, araha na bi, taurari suka ruɗe ni alhali na san ana sayensu. Amma ni ba ni da ɗakin gwaji a gida, ba na iya ganin cikin caja ta hoto. Su kuwa da suke iya sanin na kalli takalmi jiya su bi ni da tallarsa sati guda, kada su ce min ba za su iya neman takardar gwaji da inshora daga mai sayarwa kafin ya buɗe shago ba. Abin da ya fi ƙona min rai ma, suna da sunan duk wanda ya sayi irin cajar nan da lambar wayarsa, saƙo ɗaya ya isa a ce kowa ya zare ta daga bango, ni dai har yau ban ga irin wannan saƙon ba.

Na rubuto muku ne don manhajojin nan suna cikin wayoyinku kamar yadda suke cikin tawa, kuma da yawanku ba saye kawai kuke yi ba, kuna yin oda da yawa ku ɗora a WhatsApp da Instagram ku sayar. To ƙanwata mai sayar da man shafawa, da kai ɗan uwa mai caja da batir, ku sani ranar da fatar wata ta saluɓe ko ɗakin wani ya kama, wancan mai haruffa shidan ba za a gan shi ba, kasuwa kuma za ta ce haɗa ku kawai ta yi, fuskarku ce kwastoma ya sani.

Cajar tana nan na ajiye ta a leda cikin durowa, na kuma kai rahoto da hotuna. Shekaranjiya ina neman wata sai ga ta ta dawo, hoto ɗaya har da ɗan tabon da ke jikin tebur ɗin da aka ɗauke ta a kai, sunan shago ne kawai ya canja, taurari kusan biyar cif.

A gaida kowa da kowa, sai na sake rubutowa.