Garin Masara Ba Ya Cikin Jihar Damagaram

A shekarar ƙarshe ta karatuna a Zinder, malamin da ke duba aikina ya sa ni in rubuta ƙaramar manhaja wadda za ta karanta rubutun Hausa na intanet ta tsamo sunayen garuruwa da kanta. Abin koyinmu shi ne NELL, tsarin kwamfuta mai koyo daga karanta shafukan intanet da Tom Mitchell da abokan aikinsa suka kafa a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, wanda ya fara karatu a watan Janairun 2010. Ana ba shi misalai kaɗan na kowane rukuni, sai ya lura da kalmomin da suke yawan kewaye su, ya nemo sababbin sunaye da waɗannan kalmomi, sannan sababbin sunayen su koya masa wasu kalmomin.

Ni ma na ba tawa manhajar Mirriya, Magarya, Matamaye, Tanut da Gure. Nan da nan ta gane cewa kalmar "garin" tana yawan zuwa gabansu, ta kawo mini Maraɗi, Tasawa da Daura, har na fara jin kaina. Washegari da na buɗe kwamfuta sai na tarar da masara da rogo a jerin garuruwa, domin a rubuce garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba su da bambanci. Tsawon wasali ne yake raba su a baki, kuma ba ma rubuta shi. Ga kuma "garin gudu ya faɗi", wanda ya mayar da gudu gari. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren ya haihu, domin da masara ta shiga, sai manhajar ta ɗauki "buhun" a matsayin alamar gari, ta jawo gero, dawa da siminti.

Da na kai kuka, malam ya yi dariya ya ce NELL ma ya taɓa sanya kukis na intanet (ƙananan bayanan da shafukan intanet ke ajiyewa a kwamfuta, masu suna ɗaya da wani nau'in biskit a Turanci) cikin kayan gashi irin su biskit, daga nan ya ɗauki fayil ɗin kwamfuta abin ci. Maganin da masu shi suka dogara da shi shi ne koyon rukunoni da yawa a lokaci guda, tare da sharaɗin cewa wasu ba sa haɗuwa, sannan mutum ya riƙa leƙawa yana gyara. Na ƙara rukunin abinci, na shaida wa manhajar cewa abin da ake ci ba ya zama gari, masara ta koma mazauninta.

Wata matsala ce ta rage har ranar da na miƙa aikin: manhajar tana lissafa Zinder daban, Damagaram daban, alhali gari ɗaya ne, kuma da hannu na haɗe su.