Laraba: sake gina muƙamuƙi da ƙashin ƙwauri

Aiki ɗaya tal aka yi yau a ɗakin tiyatarmu, amma ya cinye wunin. Matashi ne mai ƙari a muƙamuƙin ƙasa, irin wanda ake kira amiloblastoma. Ba kansa ba ce, kuma da wuya ya yaɗu zuwa wani sashe na jiki, sai dai yana cin ƙashi ta ciki yana hura shi, ga shi ba ya ciwo da farko, shi ya sa mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai fuska ta karkace haƙora sun fara girgiɗi. In aka kankare shi kawai yakan dawo. Don haka ƙashin da yake ciki ake yankewa, a haɗa da santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashi ta kowane gefe. A wannan yaron, abin da za a cire ya kama daga fiƙar dama, ya bi ta haɓa, ya tsaya a kusurwar muƙamuƙi ta hagu.

Tun kafin a shigo da shi aka shimfiɗa kaya uku a kan tebur: samfurin muƙamuƙin da ake so a samu, wanda firintar 3D ta buga; ƙarfen titaniyom mai jerin huji, an riga an lanƙwasa shi a jikin samfurin; sai jagororin yanka guda uku, wato 'yan robobin da ake ɗorawa a kan ƙashi su nuna inda za a huda da inda zarto zai bi, biyu na muƙamuƙi ɗaya na ƙafar da za a ɗebo ƙashin cike giɓi. Kusan duk shawarar da ke da nauyi an yanke ta ne makonni kafin yau a gaban kwamfuta, saboda haka daga nan ya kamata bayani ya fara.

Tushen komai hoton siti sikan ne, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki. Ana so kaurin kowane yankin hoto kada ya wuce milimita 1, kada a karkata bakin na'urar, kada majinyaci ya motsa ko ya haɗiye yawu a tsakiyar ɗauka. Hoton da aka ɗauka da kaurin milimita 3 ko 5 ya isa a gane ciwo, amma in aka gina samfuri da shi sai gefen ƙashi ya fito hawa-hawa, jagoran da aka zana a kansa kuma ba zai zauna a ƙashin gaske ba. Cikon haƙori na ƙarfe ma yana watsa haske a hoton, dole a zauna a goge shi da hannu yanki bayan yanki. Daga nan manhaja irin 3D Slicer, wadda kyauta ce, take ware ƙashi daga nama ta fitar da siffarsa.

Ƙafafu biyu ma an ɗauki hotonsu, tare da allurar da ke haska hanyoyin jini. Dalilin mai ƙarfi ne. Jijiyoyi uku ne ke kai jini ƙasan ƙafa, mu kuma za mu tafi da ɗaya, wadda ke bin jikin fibula, wato siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri ta waje. Akwai mutane ƙalilan da a jikinsu wannan jijiyar ce babba, ita ke riƙe da tafin ƙafa. In aka ɗauke ta ba a duba ba, an gyara baki an kashe ƙafa. Na yaron nan uku ne lafiyayyu a kowane gefe.

Matsalar da ta sa kwamfuta ta zama dole a aikin yau ita ce ƙarin ya tura bangon ƙashin waje. A da, likita kan ɗora ƙarfen a jikin muƙamuƙi tun bai yanke ba, ya lanƙwasa shi ya bi siffar ƙashin, ya huda ramukan sukuru, sannan ya cire ya yi yanka. To idan ƙashin ya kumbura ya zama tulu, siffar me za a bi? A kwamfuta sai a ɗauki lafiyayyen gefen dama a juya shi kamar a madubi, ya zama ma'aunin hagu. Haɓa ce ba ta da abokiyar kwatance tunda a tsakiya take, ita da hannu aka zana ta, ana duban inda haƙoran sama suka sauka. Wannan dabarar ba ta aiki ga wanda harsashi ko haɗarin mota ya farfasa masa gefe biyu, sai dai a nemi siffar wani muƙamuƙin a daidaita ta da haƙoransa na sama.

Fibula miƙaƙƙiya ce, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe. Hanyar lanƙwasa ta ita ce a yanke ɗan yanki mai kusurwa uku daga jikinta a haɗe bakin biyu, ba tare da an taɓa jijiyar da ke manne a bayanta ba. Ian Taylor na Melbon ta Ostareliya ne ya fara wallafa rahoton dasa wannan ƙashi da jijiyarsa a 1975, don gyaran ƙafa, sai David Hidalgo na New York ya wallafa yadda ya kai shi muƙamuƙi a 1989, kuma shekaru da yawa da ido da ruwula ake auna kusurwar nan. Kuskuren digiri kaɗan a yanka ɗaya yakan zama milimita da yawa a can ƙarshen ƙashi. Tsarin farko da aka zana wa yaron nan gutsure uku ne, ya fi bin siffar haɓa da kyau a allo, amma ɗaya daga ciki santimita 1.3 ne kacal. An ƙi shi. Kowane gutsure ta tantanin da ke lulluɓe da shi yake shan jini, in ya gaza kamar santimita 2 ana tsoron ya mutu. Aka koma biyu: na haɓa santimita 2.8, na gefe santimita 6. Kyan siffa a allo ba ya sayen rayuwar ƙashi.

Sai tsayi. Kaurin fibula bai fi santimita ɗaya da rabi ba, muƙamuƙi mai haƙora kuwa ya ninka haka. In aka jera ta da gindin muƙamuƙi fuska za ta yi kyau, amma tazara tsakaninta da haƙoran sama za ta yi yawa, dashen haƙori ya yi wuya nan gaba. Wasu kan naɗe ƙashin biyu, ɗaya bisa ɗaya. Mu mun ɗaga shi ne kamar milimita 5 daga gindi, muka kuma ɗan shigar da shi ciki don ya zauna ƙarƙashin haƙoran sama, domin yaro ne, tauna na gabansa shekaru masu yawa in Allah ya yarda.

Abin da ya fi kowane muhimmanci a tsarin nan, a ganina, ramukan sukuru ne. Bayan an lanƙwasa ƙarfen a jikin samfuri an ɗaure, sai a sake ɗaukar hotonsu tare, a kwashe wurin kowane rami a sa a jikin jagororin yanka. Ma'ana, ramin da aka huda don ɗaure jagora shi ne ramin da ƙarfen zai shiga daga baya. Da zarar an yanke tsakiyar muƙamuƙi, ragowar ɓangarorin biyu sai su saki, tsokoki su ja na baya sama da ciki, kan ƙashin da ke cikin gaɓar gaban kunne ya juya. Ramukan da aka huda tun ƙashi yana haɗe su ne ke mayar da kowane ɓangare mazauninsa. In babu su, sai a gama aiki a ga komai daidai, majinyaci ya farfaɗo haƙoransa ba sa haɗuwa, gaɓa tana ciwo.

An fara da huda maƙogwaro aka sa bututun numfashi, saboda tsokar da ke riƙe harshe a bayan haɓa take kama, in an cire haɓa harshe na iya faɗawa baya ya toshe hanya, balle ga kumburi. Daga nan aka rabu biyu, wasu a wuya wasu a ƙafa, lokaci ɗaya.

A wuya, jagoran baya ya ƙi zama. Ana danna shi yana rawa. Ragowar jijiyar tsokar tauna ce ta maƙale a gindin kusurwa, siririya ƙwarai, amma kwamfuta ƙashi tsirara ta sani. Da aka kankare wurin tas sai ya faɗa mazauninsa, har ana jin ƙarar shigarsa. Ƙa'idar ita ce jagoran da ke rawa ba a ɗaure shi, a nemo dalili tukuna, domin in ya goce da milimita 2 duk ramuka da yankan da ke biye sun goce tare da shi. An huda ramuka uku-uku a kowane gefe, ana zuba ruwan gishiri a kan bakin na'urar hudar don kada zafi ya ƙona ƙashi sukuru ya saki daga baya. Sannan zarto ya bi tsagin jagora. An buɗe bakin ƙashin da ya rage aka duba ɓargo, lafiya lau. Da an ga alamar ƙari a wurin, dole a ƙara yanka, tsarin kwamfuta kuma ya tashi daga aiki a koma aunawa da hannu. Shi ya sa ba a son tazara mai tsawo tsakanin hoto da tiyata, musamman in kansa ce, wadda makonni kaɗan sun ishe ta ta wuce layin da aka zana. Shi ya sa kuma duk mai wannan aiki ya wajaba ya iya tsohuwar hanya.

A ƙafa an ɗaure cinya don tsayar da jini, ana kallon agogo kada ɗaurin ya kai awa biyu. An bar santimita 7 na ƙashi ta wajen idon sawu don kada gaɓar ta yi sako-sako, an bar kusan haka ta wajen gwiwa, inda jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa take zagaye wuyan fibula. Taɓa ta na sa mutum ya riƙa jan ƙafa. An ɗauko da ɗan fallen fata wanda ƙananan jijiyoyi biyu ke ciyarwa, don rufe cikin baki. Gutsuren biyu daga can ƙasa aka tsara su, aka saɓule ƙashin sama aka yar, jijiyar ta samu tsawon da za ta kai wuya ba tare da an ja ta ba.

Jagoran ƙafa da gangan aka zana shi da ɗan sarari, saboda ana barin siririn nama a jikin fibula don kare tantaninta. Duk yankan da haɗawar an yi su ne ƙashin yana nan manne da jijiyarsa, jini na gudana, an sa ƙarfe mai faɗi a baya yana kare ta daga zarto. Nan ne ribar tsarin ta fi fitowa fili. Aikin tela ne da aka ba shi fatan: ba ya tsayawa gwaji a jikin mai riga, bin layi kawai yake. Sai da aka ɗaure gutsuren a jikin ƙarfen titaniyom, aka ga siffar ta yi daidai da samfuri, sannan aka yanke jijiyar. Daga wannan lokacin zuwa dawowar jini minti 80 ne.

Ƙarfen ya faɗa ramukansa na dama da na hagu ba gardama. An haɗa haƙoran dama da suka rage da na sama, sun zauna yadda suke a da. A mahaɗar baya an samu giɓi kamar milimita 1 ta ciki. Sanadinsa sananne ne: tsagin jagora ya ɗan fi bakin zarto faɗi, zarton kuma yakan lanƙwashe in ya shiga ƙashi mai tauri. An cike shi da ɓarɓashin ƙashin da aka rage. Sukurun da ke jikin fibula bango ɗaya kawai suka huda, don kada tsininsu ya iske jijiyar da ke ciki. Daga nan aka jawo madubin ƙara girma, aka ɗinke jijiyar kai jini da ta fuska, mai dawo da jini kuma da wata a wuya, da zare lamba 9-0 wanda ya fi gashi siranta. Da aka saki matsi, bakin ƙashi ya fara tsattsafo da jan jini, fatar ta yi ɗumi.

Game da kayan bugawa, akwai abin da ya kamata duk mai son fara wannan aiki a asibitocinmu ya sani. Robar bugu ta PLA da aka fi samu tana laushi tun a wajen digiri 60, tukunyar tururin kashe ƙwayoyin cuta kuwa tana kai 121 ko 134. Samfurin PLA ya isa a lanƙwasa ƙarfe a kansa a waje, sannan a dafa ƙarfen shi kaɗai. Jagoran da zai taɓa ƙashi kuwa sai da roba ta musamman da aka yi don tiyata, mai jure tururi. Bugun samfuri yana cin awoyi, in wuta ta ɗauke a tsakiya an yi asararsa, don haka firinta sai da inbata. Bayan bugu kuma a sa ma'auni a auna tazarar kusurwa zuwa kusurwa a gwada da ta allo. Inda ba a da mai ɗinkin ƙananan jijiyoyi, ana cike giɓi da ƙashin ƙugu ko haƙarƙari, samfurin nan da lanƙwasasshen ƙarfe kaɗai ma suna rage lokacin tiyata sosai, kuɗinsu kuma bai kai na ƙarfen da ake bugowa daga Turai ba ko kusa.

Bayan la'asar yayansa ya tare ni a baranda. "Likita, ƙafar fa? Zai taka?" Na ce masa zai taka da yardar Allah, babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗaukar nauyin jiki, ba wanda muka cire ba. Na kuma gaya masa gefen leɓen ƙasa na hagu ba zai riƙa jin taɓi ba, don jijiyarsa ta cikin ƙashin da aka cire take bi. An faɗa musu tun kafin aiki, amma maimaitawa na da amfani.

Yanzu yana ɗakin kulawa ta musamman, kansa a miƙe, ba filo, ba igiyar da za ta zagaye wuya ta danne jijiya. Sista mai aikin dare za ta duba fatar cikin bakin kowace awa: launi, ɗumi, da sautin jini a na'urar Dofla mai sauraron gudun jini. In ta yi fari ta yi sanyi, jini ba ya shiga. In ta kumbura ta yi shuɗi-shuɗi, aka soka allura baƙin jini ya fito da sauri, hanyar fita ce ta toshe, wannan kuwa ya fi yawan faruwa, kuma a kwana biyun farko ya fi zuwa. Ko wanne ne, a kira nan take a koma tiyata, ba a jiran safiya. Abinci ta robar hanci zai riƙa samu har ɗinkin baki ya kama. Ƙafa tana ɗage a kan matashi, gobe masu gashin ƙashi za su fara motsa masa babban yatsan ƙafa don kada ya sandare. In kumburi ya sauka za a sake siti sikan, a ɗora sabon hoton a kan tsarin da aka zana, a auna inda kowane kan muƙamuƙi ya zauna a gaɓarsa.