Abin da ya raba ni da tsarkiyar ƙarfe

Har yau akwai tabo a gindin manunina na hannun dama, kuma tsarkiyar ƙarfe ce ta bar mini shi. Ina kwance a saman ruwa, na tokare gindin bindigar harbin kifi a ƙirji, na jawo roba da hannu biyu zuwa tsaga ta biyu da ke jikin mashi. Ashe bakin tsagar kawai ta kama, ba ta zauna ba. Ni kuwa na ɗauka ta zauna, na sassauta hannu. Kafin ƙiftawar ido ta zame, ta tafi da safar hannu haɗe da fatar da ke ƙarƙashi. Ranar ban harbi kifi ko ɗaya ba, na fito ina matse yatsa, ruwan gishiri na yi mini aikinsa.

Ga wanda bai saba da bindigar harbin kifi ba, abin da nake kira tsarkiya shi ne ɗan guntun da ke haɗa bakunan roba guda biyu, wanda ake maƙalawa a jikin mashi idan za a ɗana. Masu sayar da kayan nutso suna ce masa wishbon, wai don ya yi kama da ƙashin nan mai reshe biyu na ƙirjin kaza. Ni dai tsarkiya ta fi zauna mini a baki, tunda aikinsu ɗaya da ta baka: duk ƙarfin da roba ta tara, ta nan yake bi ya shiga mashi. Ba ƙaramin ƙarfi ba ne kuwa. Roba mai kaurin milimita 16, idan aka miƙe ta ninki uku zuwa uku da rabi, janta yakan haura kilo 40, kuma duk wannan nauyin yana rataye ne a kan abin da bai kai tsawon yatsa ba.

Ta ƙarfe ita na fara sani, don da ita bindigata ta zo. Irin mai gaɓoɓi ce, wadda ake murɗawa cikin hular da ke bakin roba. Ba zan ci amanarta ba, tana da kirki ta wasu fuskoki. Tana daɗewa. Tana riƙe siffarta, saboda haka ko da safar hannu mai kauri ba ka lalube wajen sa ta a tsaga. Kuma kaifin tsaga bai dame ta ba. Amma tana da surutu: duk lokacin da ta taɓa mashi sai ka ji ƙaras, kuma sauti ya fi gudu a ruwa fiye da a iska nesa ba kusa ba. Tana karce jikin bindiga. Sannan ƙarfe ba ya sallama kafin ya karye. Lanƙwasawa da miƙewa na yau da gobe suna gajiyar da shi a wajen gaɓar, ido ba ya gani, rana ɗaya sai ya tsinke yana ɗane, yatsunka na kusa.

Bayan raunin na gwada ta kebul, wato siraran wayoyi marasa tsatsa da aka tufka wuri ɗaya. Ta fi laushi, ta fi shiru. Wata uku muka yi. Da wayoyin suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya suka miƙe kamar ƙayar bushiya, sai ya zama kowace ɗanawa da ɗan hudar da zan samu a yatsa. Na cire ta ban waiwaya ba.

Daga nan na zo kan igiya. Wadda ake amfani da ita ita ce Dyneema, zaren da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, ko takwararta Spectra ta Amurka. Asalinsu ɗaya, nau'in leda ne da aka ja ya zama zare. Ba ta shan ruwa, kusan ba ta miƙewa, kuma mai kaurin milimita 2 tana ɗaukar sama da kilo 200 kafin ta tsinke. Na karanta wannan, na ce to ai an gama. Na ɗaura sabuwa dal, na shiga ruwa, a ɗanawa ta shida ko ta bakwai ta tsinke daidai tsakiya.

Na zargi igiyar. Na sayi wata mai kauri, ita ma ba ta kai sati biyu ba. Sai da na zauna da mashin a cinya, na goga farce a bakin tsagar, na ga farcen ya fito da ɗan ɓarɓashi, sannan na gane inda gizo ke saƙar. Tsagar da aka yanka a jikin mashi don tsarkiyar ƙarfe, gefenta kaifi gare shi kamar bakin almakashi. Igiyar tana iya jure ja, amma a ɗora ta a kan kaifi da nauyin kilo 40, a saki, a sake ɗorawa, ai yanka ake yi a hankali. Da ma mashi iri biyu ne ta wannan fuskar. Akwai mai tsaga, akwai kuma wanda aka yi wa waldar ƴan ƙahoni a baya, masu kama da ƙayar bayan kifin shak. Mai ƙaho ya fi dacewa da igiya, kuma ya fi ƙarfi tunda ba a rage naman ƙarfen ba. Mashi mai tsaga idan zai karye, sau da yawa a tsagar yake karyewa. Don haka idan wani ya tambaye ni wace tsarkiya ta fi, sai in ce ya fara nuna mini mashinsa.

Ban sayi sabon mashi ba. Na samo siririn magagari mai zagaye na kashe kaifin gefen tsagar biyu, a hankali, ba tare da na ƙara mata zurfi ba, don zurfin shi ke raunana mashi. Sannan na yanki siririn tsiri na sanfefa mai laushi na zura a ciki ina ja gaba da baya, kamar mai goge takalmi. Gwajina shi ne in ɗauki ragowar igiya in goga da ƙarfi sau ashirin a cikin tsagar. Idan ta yi gashi, da saura. Aikin bai fi na minti goma sha biyar ba, kuma tsarkiyar da na ɗaura bayansa ta kai har lokacin da robar kanta ta tsufa.

Yadda nake yinta yanzu kuwa, na fi son igiya mai riga, wato wadda aka saƙa wa wani zaren a waje, mai kaurin milimita 1.8 zuwa 2. Ba don ƙarfi ba, don tauri. Marar riga laushinta ya yi yawa, a cikin ruwa takan kwanta ta manne da mashi ko ta naɗe, kana ja kana neman inda take. Mai riga tana tsayawa a buɗe kamar baki.

Nakan yanko kamar santimita 20, in yi ƙulli a kowane gefe, in bar tazarar da za ta ba ni santimita 6 a waje bayan ƙullayen sun shige cikin roba. A nan ne halin Dyneema na biyu ke fitowa: santsi gare ta kamar an shafa mata mai, ƙulli guda na yau da kullum yakan warware a ƙarƙashin ja. Saboda haka ƙulli mai zagaye biyu nake yi, in ja shi da filaya iya ƙarfina, in bar wutsiya kaɗan, in kusanto da wutar laita har bakin ya narke ya yi kai kamar na ƙusa. Kusantowa na ce, ba cusawa ba. Zaren nan yana narkewa tun wajen digiri 145, zafin da bai kai ya kawo ba, kuma idan wuta ta lashi jikin ƙullin ka lalata shi ko da ido bai nuna ba. Wasu suna zura ƙwayar gilashi ko ta ƙarfe a gaban ƙullin don ta ƙara masa girma. A roba mai faɗin rami tana da amfani. A mai ƙaramin rami ƙullin kaɗai ya wadatar da ni.

Shigar da ƙullin cikin roba shi ne wurin da ake zufa. Ramin ƙarami ne, ƙullin ya ninka shi. Nakan ɗiga sabulun wanke kwano kaɗan, in zura bakin filaya mai tsini in buɗe ramin, in tura ƙullin da wani ƙarfe marar kaifi har ya shige kamar santimita ɗaya da rabi. Kada a kuskura a sa basilin ko man inji. Duk maiƙon da aka samo daga man fetur yana cin roba, za ta yi laushi ta fara danƙo. Kuma a kula da bakin filayar, domin ƴar ƙaramar yagewa a cikin rami ita ce za ta zama babbar tsaga ranar da aka ja. Ni har barin robar nake yi ta kwana sabulun ya bushe kafin in gwada, tun ranar da na yi gaggawa ƙullin ya fito fit kamar ƙwallon mangwaro daga hannun yaro.

Sai ɗauri. Zaren nailan mai kaki nake amfani da shi, kaurin milimita ɗaya ko sama kaɗan, in yi ƙullin shaƙa a bayan inda ƙullin ciki ya tsaya, ta ɓangaren bakin roba. Ƙullin shaƙa ba wani abu ba ne illa ƙulli na yau da kullum wanda wani zagayen zaren ya hau kansa ya danne, ta yadda duk ƙarin ja ƙarin matsewa ne. Da hannu tsura ba za ka ja shi yadda ya kamata ba, zaren zai yanke ka. Nakan naɗe kowane gefe a guntun sanda in ja har robar ta yi wuya kamar gora. Idan zaren ya cika siriri zai yanka robar, idan ya cika kauri ba zai nutse ba. Na taɓa gwada ɗaurewa da abin ɗaure waya na leda, irin wanda ake ja ya kulle, saboda ƙyuya. Bai riƙe ba, kuma kansa mai kaifi ya karce mini hannu.

Tsawon tsarkiya ma yana shiga lissafin roba, abin da da yawa ba sa kulawa da shi. A ce daga ramin bakin bindiga zuwa tsagar da za ka ɗana santimita 100 ne, tsarkiyarka kuma 6, wato 3 a kowane gefe. Saura 97, sau biyu 194. Idan ninki uku da rabi kake so, ka raba, za ka samu kusan 55, kuma wannan tsawon daga ɗauri zuwa ɗauri ne, ban da ɗan bakin da ke bayan ɗaurin, wanda ba ya miƙewa. Ka bar robar nan yadda take ka tsawaita tsarkiyar zuwa 12, miƙewar ta sauko wajen ninki 3.4. Ba asara ce mai yawa ba, amma kyauta ka bayar da ita. Gajarta ta fiye da kima kuma tana da nata: ƙullayen roba suna matse mashi, yatsu ba sa samun wurin kamawa.

Dabarar da na koya daga baya, wadda da na san ta tun farko da na huta, ita ce kada a cusa tsarkiyar kanta cikin roba. A cusa ƴar madauki a kowane baki, a bar kunnenta a waje, sannan a ɗaura tsarkiyar a jikin kunnuwan biyu. Idan ta fara gashi, sai ka kwance ka sa wata ba tare da ka taɓa ɗaurin roba ba, ko a cikin jirgi kake. Aibinta shi ne ƙarin ƙulli biyu a waje, da ɗan ƙarin tsawo. A bindigata mai roba biyu haka nake yi, a ƙaramar kuwa har yanzu ƙulli kai tsaye ne.

Kafin kowace fita nakan murza tsakiyar igiyar tsakanin yatsu biyu. In rigar ta fashe har farin zaren ciki ya leƙo, ta gama aiki. Nakan kuma ja robar kaɗan in duba wajen ɗauri, don a nan tsagewa ke fara bayyana, musamman idan ta sha rana. Ba na ɗana bindiga a tudu don gwaji. Nakan cire mashin, in rataya tsarkiyar a ƙugiya mai santsi in ja robar da hannu, fuskata a gefe. A aljihun jakata kuma kullum akwai guntaye biyu da na riga na yanka na ƙone bakinsu, da zaren kaki, da ƴan sandunan nan biyu na ja.