Asabar, daga ɗaki zuwa dandalin Murtala

Yau ba ni da aiki a tashar rediyo, amma ban huta ba. Bayan sallar asuba na buɗe wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1996 a waya, Najeriya da Ajantina, na kashe sauti, na dinga sharhi ni kaɗai ina naɗa. Ina son atisaye da wasan nan. Claudio López na Ajantina ya ci ƙwallo tun minti na 3, lokacin da mai sharhi bai ma gama jero sunayen 'yan wasa ba. Babayaro ya farke da ka, Amokachi ya rama ta biyu da Crespo ya ci wa Ajantina, kuma da Babayaro da Amokachi haifaffun Kaduna ne, shi ya sa bakina ke daɗi idan na zo kansu. Ta Amuneke ita ce mai wuya. Bugun tazara ne, 'yan bayan Ajantina suka fito gaba ɗaya don su kama satar gida, shi kuwa ya rage shi kaɗai gaban gola. Dole mai sauraro ya ji duk wannan cikin numfashi ɗaya kafin ka ce "ta shiga!"

Da la'asar na je dandalin Murtala, matasa na buga wasan unguwanni. Kafin a take ƙwallo na bi 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, na rubuta suna, lambar riga, laƙabi da unguwa a bayan kwali. Wasu ba lamba a rigarsu, sai na rubuta launin takalmi. Masu sanarwa a gidan dambe sun daɗe da gane wannan, ba sa kiran ɗan dambe sai da garinsu da kirarinsa, kuma nan take fili yake ɗauka.

A gefen fili na zauna da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin rediyo. Ya saurari abin da na naɗa har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, murya kana da ita. Amma ka tuna mai shayin da ya kunna rediyo yanzun nan a Tudun Wada. Bai ga komai ba. Gaya masa ina ƙwallo take, ƙafar wa, nawa da nawa, minti nawa. Ka maimaita har kai ka gaji, shi ba zai gaji ba."

Na ce, "Baba, ihun fa?"

Ya ce idan na fara ihu tun tsakiyar fili, da me zan tarbi ƙwallo a raga?

Zagaye na biyu na yi shi a hankali, ina sako sakamako duk bayan jifa ko bugun kusurwa. Maƙogwaro ya ɗan dushe, Umma ta haɗa mini ruwan citta da zuma. Gobe zan koma da sabon kwali, akwai wasa biyu.